Tambayar phrase a WAEC: yaranmu sun iya ta, ba a nuna musu ba ne kawai

Duk wanda ya taɓa zana WAEC ko NECO ya san tambayar nan da take zuwa a ƙasan labarin da ake ba ka ka karanta, za a tsinko wani guntun magana daga cikin labarin sai a ce maka "What grammatical name is given to this expression?" a ƙarƙashinta kuma "What is its function?" Da wuya shekara ta zagayo ba ta zo ba, kuma yaranmu ko dai su tsallake ta su bar gurin fayau, ko kuma su yi canki-in-canka, wannan ya rubuta noun clause wancan ya rubuta adverbial phrase, in ka tambaye shi dalili sai ya ce shi dai haka ya ji a ransa. Abin nan yana ci min rai wallahi, don maki ne mai sauƙin samu, ba kamar insha'i ba da sai ka yi shekaru kana gyara hannunka. Takarda ta biyu ta Turancin WAEC maki 100 ce, insha'i 50, fahimtar labari 20, taƙaitawa 30, toh a cikin 20 ɗin nan tambayar take, kuma wani yaron abin da ya raba shi da C6 ya jefa shi D7 bai wuce 'yan makin nan ba. Mun kuma sani in ba kiredit a Turanci, ko KASU kake nema ko ABU, sai dai ka sake sayen fom, iyaye su sake neman kuɗi a wannan marra.

Ina koyar da lesin yamma a nan Tudun Wada, yawancin yaran 'yan SS2 da SS3 ne, sai 'yan gyaran takarda. In na ce su faɗa min mene ne phrase, duk ajin baki ɗaya za su rera min "a group of words without a finite verb", tas kamar karatun allo, ba wanda zai yi tuntuɓe. Amma rubuta musu jimla guda ka ce su nuna maka shi a ciki, shiru kake ji. An ba su not sun kwafa sun haddace, an jero musu iri-iri har takwas ko tara da misali ɗai-ɗai, amma ba a taɓa kama hannunsu an shiga cikin jimla da su an ce ga yadda ake gane shi ba. Ni a ganina tambaya biyu ce kacal take buɗe duk wannan babin. Wace kalma ce jigo a cikin guntun maganar nan? Sannan wane aiki guntun yake yi a jimlar?

Kuma abin da nake so iyaye da malamai su yarda da shi shi ne, yaron da ya tashi da Hausa a bakinsa ya riga ya iya gano jigo tun kafin a sa shi firamare. Ce masa ya faɗi abin da ya sami buhun albasa, zai ce "buhun albasa ya faɗo daga kan mota". Bai ce "ta faɗo" ba, alhali albasa mace ce kuma ita ce ta fi kusa da aikin. Me ya sa? Don kunnensa ya san maganar buhu ake, albasar bayani ce kawai. Haka zai ce "motar 'yan kasuwa ta lalace a Kawo", ba zai taɓa cewa "sun lalace" ba duk da 'yan kasuwan suna da yawa. Toh wannan shi ne yankin suna da muke karantawa a darasin Hausa, su kuma Turawa suka kira shi noun phrase, wato tarin kalmomi da suka kewaye suna guda, sunan nan shi ne jigo, sauran 'yan rakiya ne.

Inda gizo ke saƙar shi ne gurin zaman jigon. Mu a Hausa in suna biyu suka haɗu jigon ne a gaba, motar makaranta, cajar waya, matan kasuwa, Jami'ar Jihar Kaduna. A Turanci sai abin ya juye, "school bus", "phone charger", "market women", "Kaduna State University", ka ga jigon ya koma can ƙarshe. Amma da zarar "of" ta shigo tsakani sai ya dawo gaba irin namu, "University of Lagos", "a bag of onions", "the price of tomatoes". Don haka abin da nake ce wa yara shi ne, duk abin da ya zo kafin jigo, irin su the, a, my, those, two, da siffofi irin old da tall, share fage suke yi, duk abin da kuma ya biyo bayansa ya fara da of, in, from, with, ƙarin bayani ne. Ɗauki wannan: "the two old women from Rigasa". Kalma shida ce, amma in aka ce ka zubar da komai ka bar ɗaya wadda maganar ba za ta mutu ba, women za ka bari. Ba Rigasa ba, ba old ba.

Wanda ya kama wannan ya huta da rabin tambayoyin concord, wato dacewar suna da kalmar aikin da take bin sa, da suke wahalar da mutane a JAMB da obj ɗin WAEC. "The price of tomatoes has gone up", has ce ba have ba, don price ake magana, kamar dai yadda za ka ce farashin kaya ya tashi. "One of the boys is absent", is ce, don ɗaya daga cikin yaran ne bai zo ba, ba ka cewa ɗaya daga cikin yaran ba su zo ba. "The quality of the roads in our towns is poor", nan ma is, duk da roads da towns sun tsaya a tsakani suna ruɗa ido. Masu saita tambayar da gangan suke dasa suna mai s dab da gurbin da za ka cike, don sun san yaro abin da ya fi kusa yake kallo. Ni har alli nake ba su in ce su zo su ja layi su soke duk abin da ya fara da of ko in, sai su karanta abin da ya rage, nan take amsa take fitowa da kanta.

In kuma kana shakka ko guntun da aka ja wa layi yankin suna ne, cire shi gaba ɗaya ka sa it ko he ko she ko they ko them a madadinsa. In jimlar ta zauna daram toh shi ne. "The two old women from Rigasa sell firewood" ta koma "They sell firewood", shikenan. Saura aikinsa, nan kuma gurin zamansa za ka duba. In shi ne ya aikata, wato aikau, sai ka rubuta subject of the verb "sell". In a kansa aikin ya faɗa, wato karɓau, kamar "My father bought a very old motorcycle", sai ka ce object of the verb "bought". In bayan is, was, became ko seems ya zo, kamar "My brother is a commercial driver", ba karɓau ba ne don ba abin da aka yi masa, ciko ne yake gaya maka ko wane ne yayan naka, shi ake kira complement. Yara da yawa a nan suke zamewa, duk abin da ya biyo aikatau, wato verb, object suke ce masa. In kuma bayan ƙaramar kalma irin in ko with ya zo, object of the preposition kenan.

Yanzu bambancin yanki da ganga, wato phrase da clause, don rabin kuskuren daga nan yake tasowa, yaro ya gane adverbial ne amma ya sa clause a inda ya kamata ya sa phrase, sunan ya tashi a banza. Ganga tana da aikatau mai ɗauke da lokaci, da kuma wanda ya yi aikin a cikinta. Yanki ba shi da wannan. Dubi tagwayen nan: "after the prayer" da "after he prayed". Ma'anarsu kusan ɗaya, bayan salla da bayan ya yi salla, amma ta farko yanki ce don ba aikatau a ciki, ta biyun ganga ce don ga he ga prayed. Haka "because of the rain" da "because it rained", saboda ruwa da saboda an yi ruwa. Haka "despite his illness" da "although he was ill". Ka lura ko a Hausar ma da zarar ka ji ya, ta, sun, an, yana, zai, ka san an shiga ganga. Kuma tsawo ba shi ne ba, dan Allah a cire wannan daga kai, na sha ganin yaro ya ƙirga kalmomi ya ga sun kai goma ya ce ai wannan ya yi tsawo da yawa clause ne. "In the middle of the biggest market in the whole town" kalma goma sha ɗaya ce kuma yanki ne, "when he came" kalma uku ce kuma ganga ce.

Wanda ya fi kowanne ruɗa yara shi ne mai farawa da ƙananan kalmomin nan, in, on, at, with, from, behind, under, across da 'yan uwansu, wanda ake kira prepositional phrase. Gane shi ba wuya, ƙaramar kalmar ce a gaba sai yankin suna ya biyo ta. Matsalar ita ce ƙirarsa ɗaya amma aikinsa biyu, kamar telan unguwa ne da yake kuma shi ne ladanin masallaci, in ka tambayi sana'arsa tela ne, in ka tambayi abin da yake yi da asuba kiran salla yake. Wata rana na rubuta jimla biyu a allo, "The shop behind the mosque sells bread" da kuma "The children play behind the mosque", na ja layi a ƙarƙashin behind the mosque a duka biyun. Wata yarinya 'yar SS3 da take zama a bencin gaba, mai ƙoƙari ce amma ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu ta ce, "Malam ai abu ɗaya ne, kalmomi ukun nan ba abin da ya canza." Na ce, "Toh 'yata, a ta farkon in na tambaye ki wane shago ne yake sayar da burodi, da Hausa me za ki ce min?" Ta ce, "Na bayan masallaci." Na ce, "A ta biyun fa, a ina yaran suke wasa?" Ta ce, "A bayan masallaci." Sai ta yi shiru tana kallon allon, biro a baki, can sai ta ce, "Lah, Malam, ɗaya 'na' ce, ɗaya 'a' ce." Na ce ta maimaita da ƙarfi 'yan baya su ji.

Abin da ta gano shi ne gaba ɗayan darasin. In guntun yana amsa wane, wace ko waɗanne, wato za ka iya cewa na kaza ko ta kaza ko mai kaza, toh suna yake siffantawa, adjectival phrase ne, aikinsa qualifies the noun "shop". In kuma yana amsa a ina, yaushe, ta yaya, ko don me, aikatau yake wa bayani, adverbial phrase ne, modifies the verb "play". "The man in the white kaftan is my uncle", mutumin nan mai farin kaftani, ka ji mai, siffa ce. "He arrived in the evening", da yamma, lokaci ne, bayanau kenan, wato adverbial. "She cut the meat with a sharp knife", ta yaya, da me, bayanau. "The girl with the blue hijab", mai shuɗin hijabi, siffa. Ni abin da nake koya musu, tunda tambayar ta biyu aikin take nema, su ba shi sunan da ya dace da aikin, don amsa ta farko da ta biyu su tafi tare kada su yi karo da juna.

Akwai kuma yankin siffa da yankin bayanau na asali, waɗanda jigonsu siffa ce ko bayanau da kanta, waɗannan ba su da wata wahala. "The tea is very hot", "too hot to drink", "afraid of dogs", jigon hot ne da afraid. "He drives very slowly", "She came quite early", jigon slowly ne da early. Ka tambayi kanka wa suke wa bayani, suna ko aiki, ka wuce.

Yankin aiki, wato verb phrase, a sakandare ana nufin babban aikatau da mataimakansa ne, "is coming", "has been waiting", "should have been repaired". Babban shi ne na ƙarshe kullum. Ba kasafai ake ja masa layi a tambayar nan ba, amma a insha'i shi yake kashe yara, don kowane mataimaki yana da sigar da yake so ta biyo shi kuma ba ya karɓar wata. Bayan will, can, should, must da did, aikatau tsurarsa yake zuwa, shi ya sa "Did you went?" kuskure ne, did ta riga ta ɗauke lokacin, sai dai "Did you go?" Bayan has, have, had siga ta uku ce, gone, written, eaten, don haka "He has gone" ba "He has went" ba. Mu a Hausa aikataunmu ba ya irin wannan sauye-sauyen don nuna lokaci, ya tafi, zai tafi, yakan tafi, ɗan guntun da ke gaba ne yake ɗaukar nauyin, shi ya sa wannan gurin sai an zauna an yi ta maimaitawa da baki, ba gajeriyar hanya. Wanda ya je jami'a ya karanci kimiyyar harshe zai tarar can verb phrase ya faɗaɗa ya haɗa har da karɓau da duk abin da ya biyo aikatau, irin tsarin nan na zana jimla kamar bishiya da ya bazu bayan aikin Noam Chomsky na 1957, kuma shi ne ya yi daidai da yadda muke raba jimlar Hausa gida biyu, yankin suna da yankin aiki. Na faɗa ne don kada wani ya gani a wani littafi ya ce ɗaya daga cikin malaman ya yi ƙarya, duka biyun suna nan.

Sai masu -ing, nan ina so a natsu. Yaro da ya ga -ing sai ya ce ga aikatau, ai clause ne. A'a. Kalma mai -ing ita kaɗai ba tare da is, was ko are ba, ba ta ɗauke da lokaci, don haka yanki ne. Kuma kala biyu ne. Na farko shi ne wanda ya zama sunan aiki, kamar yadda muke cewa sayar da kati, tuƙin keke napep, karatun dare. "Selling recharge cards is a good business." Gwada da it, "It is a good business", ta zauna, toh aikin suna yake yi, ana ce masa gerund phrase, kuma kana iya ce masa noun phrase, sai ka faɗi aikinsa daidai, subject of the verb "is". "My sister enjoys reading Hausa novels", tana jin daɗin me, karɓau kenan. Shi ne kuma yake biyo ƙananan kalmomin nan, "without greeting anybody", "after eating his food". A nan ne kuskuren da kusan kowa yake yi a ƙarshen wasiƙa yake, har manya a ofis, "I look forward to hear from you". Daidai shi ne "to hearing from you", don to ɗin gurin irin ta "to Kano" ce, suna take nema ya biyo ta.

Na biyun shi ne participial phrase, wanda yake siffanta suna. "Carrying a tray of groundnuts, the girl crossed the road." Sa it ka gani, "It, the girl crossed the road", magana ta lalace, toh ba suna ba ne, yarinyar yake nuna maka da halin da take ciki, ɗauke da farantin gyaɗa. Yana zuwa da siga ta uku ma, "Built many years ago, the house still looks strong", ko a bayan sunan, "The boy sitting near the window", yaron da ke zaune kusa da taga. Ƙa'idarsa guda ce kuma mai tsauri, in ya buɗe jimla, sunan da ya biyo waƙafi dole ya zama shi ne mai aikin. Yaranmu suna rubuta "Walking to the market, my phone fell", a Turanci wannan cewa ka yi wayar ce take tafiya kasuwa. Kuma na san daga ina abin ya fito, Hausa ce suka juya, ina tafiya kasuwa wayata ta faɗi, wadda lafiyayyar magana ce don ina ɗin nan ta riga ta nuna ni ne mai tafiyar. Turancin ne ya zubar da ni ɗin, sai a dawo da shi, "While I was walking to the market, my phone fell", ka ga kuma yanzu ta zama ganga.

Mai "to" da aikatau, infinitive phrase, shi har aiki uku yake yi. Jimla guda nake amfani da ita don raba gardama, "He went to Zaria to buy books." "To" biyu ne a ciki amma ba dangin juna ba ne, ta farko suna ne ya biyo ta, zuwa Zariya, ta biyun aikatau ne, domin ya sayi littattafai. Duk inda za ka iya sa domin ko don, bayanau ne na dalili, modifies the verb "went". In kuma it ta shiga gurbinsa, kamar "To pass this exam is my aim" ko "She wants to study medicine", aikin suna ne. In suna yake bi yana fayyace shi, "I have a family to feed", iyalin da zan ciyar, siffa ce. Gwaje-gwajen dai su ne na ɗazu ba wani sabo.

Akwai wanda nake jin daɗin koyarwa don mu Hausawa gwanayensa ne, kullum a bakinmu yake in za mu ambaci manya, suna sannan sarauta ko muƙami. "Sir Ahmadu Bello, the Premier of Northern Nigeria, lived in Kaduna." Guntun da ke tsakanin waƙafi biyun nan yankin suna ne da ya zauna gefen wani sunan yana sake faɗin ko wane ne, Sardauna ɗin dai shi ne Firimiyan, daga 1954 har zuwa 1966. Appositive ake ce masa, in an tambayi aikinsa ka rubuta in apposition to the noun, ka faɗi sunan. Alamarsa, ko ka cire shi jimlar ba ta girgiza, kuma kana iya musanya su. A kula da waƙafi na biyun, yara suna buɗewa su manta rufewa. Shi kuwa absolute phrase, irin "The rain having stopped, we went home", a san da shi dai, amma ban ga dalilin ɓata sati guda a kansa ba alhali yaro bai gama rarrabe na bayan masallaci da a bayan masallaci ba.

Wajen rubuta amsar, kada a tsaya rabin hanya. "It modifies the verb" kawai bai isa ba, wane aikataun? Koma cikin labarin ka nemo cikakkiyar jimlar da aka tsinko guntun, don a takardar tambaya guntun kaɗai ake nuna maka da ɗigo-ɗigo a gefe, kuma ba yadda za a yi ka san aikinsa ba ka ga maƙwabtansa ba. Yara da yawa ƙyuyar komawa suke, daga nan suke amsawa. Ka samo kalmar ka rubuta ta ƙarara.

Su kuma 'yan uwana malamai, na san ajin gwamnati cike yake maƙil, na san silabas tana kora, fiyriyod minti arba'in ba ta isa komai ba. Amma ina roƙo a daina jin kunyar yin bayani da Hausa in ajin Hausawa ne. Wasu makarantun har tarar yaro ake ci in ya yi banakula, na fahimci manufar, so ake bakinsu ya faɗa da Turanci, kuma ni ma a ajina misalai da amsa duk da Turanci ake yinsu. Amma minti biyar na buhun albasa ya fi min shafi uku na not ɗin da za a haddace a manta. Kaduna kuma gari ne na kowa da kowa, a aji guda za ka samu Bagwari da Bajju da Bayarabe da Nufawa, yawancinsu suna jin Hausa, wanda ba ya ji kuma ka ce ya kawo misalin daga yarensu, za ka sha mamakin yadda ajin zai farka.

Ga jimla guda da nake ba su su fasa ta, kai ma gwada kafin ka karanta amsar: "The old bridge across the river carries hundreds of cars every morning." Daga the har zuwa river yankin suna ne guda, it ta shiga gurbinsa, jigonsa bridge, shi ya sa aka ce carries, kuma shi ne aikau. A cikinsa akwai wani ɗan yankin, across the river, wace gada, ta kan kogi, siffa kenan, qualifies the noun "bridge". Yanki a cikin yanki ba abin mamaki ba ne, sai ka lura da daidai inda layin ya fara da inda ya tsaya. Hundreds of cars karɓau ne. Saura every morning, kuma nan ne tarkon, don morning suna ce, yaro sai ya yi wuf ya ce object. Tambayi jimlar, gadar tana ɗaukar me, motoci, yaushe, kowace safiya. Yaushe yake amsawa, kamar last week da next year da this evening, ƙirar suna gare su amma lokaci suke faɗa, sai ka rubuta adverbial phrase, modifies the verb "carries".